Lambar Ƙofar Waje

Talata

Yaya,

Wa ya gaya wa mijinki cewa sai mai digiri ne ke iya kwafe lamba daga jikin talabijin? Ke ce, ko da ilimin aka haife shi? Riƙe tambayar a ranki, ga gaisuwa.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya gajiya, ya Injiniya, tunda ba a tsallake miji a wasiƙa. Mu nan lafiya lau muke. Baba yana shago, Gwaggo tana faɗa, ni ina ramawa.

Kada ki neme ni a guruf ɗin iyali, na fita. Daga yau a takarda zan riƙa rubuto miki, in ɗauki hotonta in turo, domin a waya kafin in kai ƙarshen magana kin ce “Barkono, yi haƙuri”, takarda kuwa ba a katse ta. Kin dai ga abin da mijinki ya rubuta jiya: wai a bar aiki ga masu shi, a nemo ma'aikaci, ba kowa ne ya zauna a aji ba. Har da fuskar dariya a ƙarshe. 'Yan'uwa tara suka mayar masa da irinta. Na san sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ne, aji uku na yi aka cire ni in zama bakin Baba da kunnensa a shago. Amma ki tuna masa inda na koyi karatu: a littattafan kekunan ɗinkin da ake kawo mana gyara, ina haɗa hoto da kalma, ina duba ƙamus ɗin da kika bari, har na iya. Wanda ya koyi karatu a littafin inji ba ya tsoron littafin inji.

Ga abin da na yi, don kada a ce na tsallake wani abu. Baƙin akwatin nan na kiran bidiyo mai ido a ka, wanda ofishinku ya daina aiki da shi kika aiko mana ɗaya kika riƙe ɗaya, na haɗa shi da talabijin. Wayarsa gajeriya ce, sai na ɗauko rauta, na'urar nan mai raba intanet, daga ɗakina na ɗora a kan kantar kaya da ke falo, ƙarƙashin fitilar ƙofa, wadda na haɗa wa Baba tana ƙiftawa idan an danna ƙararrawa. Kun ce gininku layi ɗaya ne na kowa, ba a iya kiran ku, ku ne za ku kira mu. Injiniya da bakinsa ya ce in duba lambar da ta fito a kusurwar talabijin in turo. Na duba, na turo: 192.168.1.20. Kwana shida kuna kira, ko motsi akwatinmu bai yi ba. To ina laifina a ciki?

Abin da ke cin raina shi ne Baba. Shekara ɗaya da wata huɗu rabonsa da ya yi magana da ke. Kin tuna ranar da muka gwada da waya, hannuwanki suka fito ƙanana suna sanƙarewa a tsakiyar magana, ya kifa wayar a kan tebur ya yi alamar “ba ita ba ce”. Maganar hannun gidanmu ba ta makaranta ba ce, mu huɗu kawai muka iya ta, Gwaggo ma rabi. Da na nuna masa cewa a wannan akwati za ki fito da girmanki a talabijin, hannu biyu a sake, sai ya ce akwai maganar da zai gaya miki. Na ce ya ba ni in rubuta. Ya dunƙule hannu a ƙirji, ya nuna hotonki: tasa ce da ke. Shekara ashirin ina fassara masa komai, har faɗansa da masu kawo gyara, wannan ɗaya ya hana ni.

Kullum bayan la'asar yana wanka, ya sa farar rigarsa, ya zauna gaban talabijin. Jiya, kwana na shida, bai sa rigar ba. Da kayan shago ya zauna, ya jima kaɗan ya tashi.

Kada a turo mana kowane ma'aikaci. A ba ni zuwa Lahadi.

Ki gaida duk wanda bai yi dariya ba.

Ƙanenki,
Barkono

Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kin tashi lafiya, kuma ciwon wuyan da kika ce kina yi ya sauka. Ki gaida Injiniya da kyau yau, domin yana bukatar gaisuwa.

Kafin ki ci gaba da karatu, tashi ki je wurin firintar mijinki, ki danna maɓallin da ke nuna bayananta, ki duba lambarta. Zan jira.

Na zauna da littafin rauta shafi bayan shafi, a kan bencin shago, tsakanin gwangwanin mai da tiren sukurori. A shafi na talatin da ɗaya na ci karo da abin da ya tsayar da ni: wai adireshin IP iri biyu ne, na ciki da na waje. Na karanta sau huɗu, kalmomin na gane su, ma'anar ta ƙi zama.

Ina cikin haka sai ga telar nan mai shuɗin keke, wadda ke ɗinki a rumfunan bayan tasha. Ta sake kawo kekenta, karo na uku a wata guda, wai yana tsallake zare. Baba ya ɗora yatsunsa a kan keken, ya juya shi kamar yadda ya saba yana jin motsin ƙarfe a fatarsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya fita shan shayi ya bar ni da aikin. Tsufa ne, ina ga.

Ta tambaye ni me nake harara a littafi haka kamar ya zage ni. Na karanta mata. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce ai wannan kamar rumfunansu ne: ita tana rumfa ta ashirin, amma kowace kasuwa a duniya tana da rumfa ta ashirin, don haka in ka ce wa baƙo ya zo rumfa ta ashirin ba ka faɗi kasuwar ba, rumfa ta ashirin ta kasuwarsu zai nufa. Yaya, na ji haushi da ban riga ta ba, amma gaskiya ta faɗa.

Lambar da Injiniya ya sa na turo lambar ɗaki ce. Duk gidan da ke da rauta yana da irinta. Rauta maigadi ne, shi ke raba wa na'urorin gida lambobin ɗaki, shi kaɗai kuma ke riƙe da lambar ƙofar waje, wadda duniya ta sani. Da kuka buga 192.168.1.20 daga falonku, kiran ko ƙofarku bai fita ba, ya tafi ɗaki na ashirin na gidanku. Ni kuma na tuna lokacin da mijinki ya turo hoton sabuwar firintarsa a guruf don mu yi sha'awa, da lamba a ɗan allonta. Na nemo hoton a wayata, na buɗe shi da yatsu biyu. Kwana shida, Yaya, kuna yin kwalliya kuna yi wa firinta sallama.

Ga yadda na samo ta gaskiya. Na shiga cikin rautar ta waya da kalmar sirrin da ke manne a gindinta, na buɗe shafin da ke nuna halin layi, ga lamba nan daban a gefen waje. Ban yarda ba sai da na shiga wani shafin intanet da ke gaya wa mutum da wace lamba duniya ke ganin sa. Iri ɗaya suka fito, wato ƙofar tamu ce, ba wani maigadin a gabanta. Ga ta: 203.0.113.47.

Saura abu ɗaya da na gama ɗazu. Maigadi ba ya barin baƙon da ba a san da zuwansa ba, sai an gaya masa tun farko. Na rubuta masa cewa duk kiran bidiyon da ya buga ƙofa a wuce da shi ɗaki na ashirin, na ba shi lambobin mashigar da littafin akwatin ya lissafa.

Ki kira gobe ƙarfe biyar. Na gaya wa Baba, ya ɗaga kafaɗa kawai, amma na ga Gwaggo tana goge farar rigar.

Naki,
Barkono

Asabar

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake. Ina fata kina lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na jiya laifina ne, na amsa. Kira ya shigo, akwati ya yi ƙara, na ji muryarki tana cewa “kuna gani na?”, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Murya ga Baba! Yana zaune cikin farar riga yana kallon inuwarsa a gilashi, ni ina tsalle ina ce masa ga ki nan, shi yana tambayar ina. Da kika kashe na koma littafin akwatin. Ashe shi ma sai an rubuta masa lambar ƙofar waje a cikinsa, in ba haka ba idan aka tambaye shi inda za a aiko hoto, lambar ɗaki yake bayarwa, kamar mijinki. Na rubuta masa.

Na yau kuwa ba laifina ba ne. Kin ce kin kira sau goma bai shiga ba. Na duba rauta, lambar ta canza. 47 ta tafi, wata ta zo. Littafi ya ce kamfanin layi aro yake ba mu lambar, duk lokacin da aka kashe rauta aka kunna yana iya ba da wata. Wuta ba ta ɗauke ba tun Laraba, agogon firji shaida ne. Wato hannu ne ya kashe ta.

Soket ɗin yana kusa da ƙofar kicin, kuma kin san wadda ke yawo da butar lantarki tana neman inda za ta soka. Na tari Gwaggo a tsakar gida. Ta ce ba ta taɓa ba. Na ce buta ba ta da ƙafa. Ta ce ni ma da ba ta goya ni ba da ban yi ƙafar ba, kuma tun ina tsumma bakina ya riga hankalina fitowa. Na faɗi abin da na faɗa, ba zan rubuta shi ba. Yanzu ba ta yi mini magana, abincina a bakin ƙofa na same shi kamar na ɗan haya.

Baba ya ninke farar rigar ya mayar cikin akwatin kayansa. Ya ce in cire baƙin abin nan daga kan talabijin, yana da sukurori masu kyau da za su yi amfani a shago. Na roƙe shi kwana ɗaya.

Gobe ba zan buɗe shago ba. Zan yi kamar na fita, in dawo ta baya in zauna a ɗakina ƙofa a sage, in kama ɓarawon da idona.

Barkono

Lahadi, da hantsi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin kwana lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki nuna wa Injiniya wannan.

Na kama shi. Baba ne.

Ya fito falo da kofin shayinsa ya zauna. Ko kurɓa biyu bai yi ba ya miƙe ya je ya buɗe ƙofar gida, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ba kowa. Ya dawo ya zauna. Can ya sake miƙewa. Sau uku, Yaya. A na uku ya tsaya a tsakiyar falo ya harari kantar da rauta take kai, ya je ya kashe soket ɗin rauta, ya sha shayinsa cikin kwanciyar hankali. Da ya gama ya kunna, ya goge soket ɗin da gefen riga kamar mai ɓoye sawu.

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Shekara shida ke nan duk hasken da ya ƙifta a wannan bango yana nufin mutum a bakin ƙofa. Ni na koya wa idonsa haka. Sannan ni ɗin dai na kawo na'ura mai fitilu biyar da ba su da aiki sai ƙiftawa, na ajiye ta taƙi ɗaya ƙarƙashin fitilar ƙofa. Ya san ba ƙararrawa ba ce, amma ƙafarsa ba ta jiran shawararsa. Tun ranar da na kawo ta yake zarya, bai faɗa ba don kada in yi faɗa. A ganinsa talabijin da akwatin su ne naki, rauta kuwa abin wasana ce.

Na fito. Ya tsorata har kofin ya kuɓuce masa. Na rasa alamar da zan yi masa bayani da ita, domin a maganar gidanmu ba mu da rauta, ba mu da adireshi. Sai na kama hannunsa na kai shi waje, na nuna masa lambar gidanmu a jikin ƙofa. Na taɓa kumatu wurin da naki ke loɓawa, wato ke, na yi tafiya da yatsu biyu har zuwa ƙofar. Sannan na yi alamar kashe soket, na rufe lambar da tafin hannu, na sa yatsun suka zo suka yi ta dube-dube suka juya. Ya daɗe yana kallon hannuna a kan lambar. Ya taɓa kumatunsa, ya nuna ƙirjinsa: shi ya mayar da ke? Na ce mu biyu ne.

Na ɗauko salatif zan manne fitilun, ya buge mini hannu, wai aikin ƙazanta. Ya shiga ɗaki ya fito da ragowar baƙin yadi, ya auna rautar da tef, cikin minti goma ya ɗinka mata riga da kafofin shan iska da hudar eriya. Soket ɗin kuma ya kifa masa murfin gwangwani ya ɗaure da sukurori biyu. Yanzu ko ni sai da sukundireba.

Na je wurin Gwaggo na durƙusa. Ta bar ni a ƙasa har ta gama yankan albasa. Ta ce ta yafe, amma a rubuta a takarda tunda na zama marubuci. Ga shi na rubuta: Gwaggo ba ta taɓa soket ba.

Sabuwar lambar: 203.0.113.112. Na duba ta a rauta, na duba a intanet, na rubuta wa akwatin. Ƙarfe biyar. Ki sa riga mai duhu don hannuwanki su fito, ki kunna fitila a gabanki.

Ƙanenki,
Barkono

Litinin

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata idonki ya sauka, don na ga yadda ya kumbura jiya. Ya gajiyar surutu? Awa biyu da minti goma, ko ruwa ba ku sha ba.

Ban san zan ji abin da na ji ba. Da kika fito a talabijin da girmanki kika taɓa goshi kika sauke hannu, gaisuwar da kike yi masa tun kina ƙarama, Baba ya ɗaga hannuwa zai amsa suka ƙi. Wannan mutum da ke zura zare a allura ba tabarau, sai a karo na biyu ya iya mayar miki da gaisuwar. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni hayaƙin kicin ne ya shiga idona.

Amma ina da ƙara, kuma a kanki ne. Bayan gaisuwa da minti biyar Baba ya juyo ya nuna mini ƙofa. Ni! Ni da na kwana biyar a kan littafin rauta, na rasa guruf, na kusa rasa Gwaggo. Ya kore ni daga falon kamar kaza, ya sa sakata, ke kuma kina ɗaga mini hannu kina dariya.

Kun manta abu ɗaya: maganar hannu ba a yin ta da raɗa, kuma labulen tagar tsakar gida bai kai ƙarshe ba. Na ga Baba ya taɓa harshe ya yarfe yatsu, wato ni. Na ga ya juya keke a iska, ya nuna shuɗin kofin da ke kan tebur, ya ɗaga yatsu uku. Sannan ya ɗora yatsu a kan keken da babu, ya girgiza kai: lafiyarsa lau, sau ukun duka. Na ga kin yi dariya har kin fice daga hoton, kujera kawai ta rage. Daga nan Gwaggo ta kamo ni ta wuyan riga ta ja ni kicin in tsince mata shinkafa.

Wannan ce maganar da ya riƙe a ƙirji? Wannan ce ba za a ba mai fassara ba? Ni dai abin da na sani keken yana tsallake zare, ita ta faɗa. Yau da safe Baba ya goge shi, bai taɓa ko sukuru ɗaya ba, ya ce in kai mata har rumfa ta ashirin da kaina, kuma in canza riga tukuna. Na canza, don waccan ta yi mai ne kawai. Na gaya mata misalinta ya yi aiki. Ta ce ta sani, kuma tana jin keken zai sake lalacewa ranar Laraba.

Baba ya ce kullum Lahadi ƙarfe biyar, kuma ya rataye farar rigar a ƙusa, bai mayar akwati ba. Idan wuta ta ɗauke lamba ta canza zan duba in turo miki. Littafin ya ce akwai hanyar da za a ba ƙofar suna wanda ba ya canzawa, shafi na sittin da ɗaya ne, ban kai ba tukuna.

Saura mijinki. Ki mayar da ni guruf yau. Tambaya ɗaya zan rubuta: kwana shida, wa aka yi ta kira a lamba 192.168.1.20, kuma wa ya ce a turo ta? Ba na son amsa ta bakinki, ba na son ta a waya mu biyu. A guruf ya yi dariya, a guruf zai amsa, gaban mutum taran nan. Ranar Lahadi kuma ya zauna kusa da ke a gaban akwatin, ya maimaita wa Baba da hannunsa. Alamar “laifina ne” ba ta da wuya, ki koya masa: tafin hannu a goshi, sannan a nuna ƙirji. Ni na yi ta jiya a gaban Gwaggo, ban mutu ba.

Ki gaishe shi, ki ce ina jira.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Barkono